Taƙi Ɗaya Daga Hanci

Ranar Talata ce, kuma tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya hana fita amma ba ya barin mutum ya bushe. Mai Hatimi ya sauko daga bas da laima a hannu ɗaya, jakar kayan aiki a ɗayan. Tabarau ɗinsa ya yi gumi har ba ya ganin komai sai fari-fari, ga shi babu hannu na uku da zai goge. Ya taka abin da ya zaci dakali ne, ashe bakin lambatu ne, ya zurma har gwiwa. Tabarau ya faɗi. Ya daɗe a durƙushe yana lalube cikin ruwan ƙazanta, masu wucewa suna yi masa sannu shi kuwa ba ya bambance fuskar kowa, kafin wata mata ta tsamo masa shi da ƙafa ɗaya a karye.

Shekararsa arba'in da tara, talatin da biyar daga ciki a bayan gilashi ya yi su. Gilashi ne mai kauri, ya yi masa rami biyu a karan hanci. Idan ya cire, abin da ya wuce tsawon hannunsa duk sai ya narke. Amma wannan idon da ba ya gane mutum a ƙofar shago, shi ne yake ci da shi.

Sana'arsa sassaƙa hatimi da hannu. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, a wani layi da ke bayan ofisoshi. Tebur ɗaya ne, da fitila, da gwangwanin rezoji da ya karya ya wasa da kansa, da yankakkun roba, da ɗan madubi. Rubutun hatimi a juye ake yanka shi, don idan an buga ya fito daidai, shi ya sa yake duba aikinsa ta madubi. Da zarar ya zauna sai ya tura tabarau saman goshi, ya kawo robar taƙi ɗaya daga hancinsa, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ba ƙari ba ragi. A wannan tazarar yana ganin hatta ƙurar da ta kwanta cikin wutsiyar harafi. Yana yankan ba ya ƙiftawa, wani lokaci har numfashi yake riƙewa.

Yana da doka guda da ya gaji masu kawo aiki da ita. Kafin ya ɗora reza, sai mutum ya karanta rubutunsa a takarda sau uku. In an yi ƙorafi sai ya ce, “Abin da reza ta cire ba ya komawa.”

Maƙwabcinsa Akawu, mai buga wa mutane takardu, sa'ansa ne kuma abokin tsokanarsa. Shi kullum ƙaramin tabarau na karatu yana rataye a wuyansa da igiya, in babu shi ko lambar waya ba ya iya karantawa. Yakan ce Mai Hatimi makaho ne a titi, shaho a kan tebur. Da ya gan shi ranar a jiƙe, wando na ɗiga, sai da ya yi dariya har da tari, sannan ya ba shi tawul.

A tsallaken titi kuma akwai shagon Mai Inji. Shi ma hatimi yake yi, amma na'urar leza ce take ƙona masa rubutu a kan roba cikin 'yan mintoci. Tun zuwansa masu kawo wa Mai Hatimi aiki suka yi ta raguwa, sai tsofaffin da suka saba da hannunsa.

Da yamma matarsa ta ɗaure ƙafar tabarau da baƙin zare, tana cewa ai Malam abin da zare zai gyara ba a kai shi asibiti. Babbar 'yarsa ba ta ga abin haka ba. Mamana yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shekara biyu da suka wuce aka yi mata aikin leza a ido, tana da ashirin da biyar, tun ranar ta jefa nata tabarau cikin akwati ba ta sake nemansa ba. Ta dubi ƙujewar da ke ƙwaurinsa, ta ce yau lambatu ne, gobe wa ya san ko gaban mota ne. Ta ce aikin bai kai minti ashirin ba, ko allura ba a yi, kuma ita za ta ɗauki nauyin komai. Ya ce zai yi tunani. Ba tunanin ya yi ba. Gajiya ce kawai ta taso masa, ta shekara talatin da biyar ta lalube a gefen gado kowace safiya, da goge gilashi da bakin riga, da tururin shayi da ke makantar da shi.

Likitar da suka samu a asibitin ido mace ce mai magana a hankali. An sa shi ya leƙa cikin na'urori har huɗu, an auna kaurin fatar idonsa, an ɗiga masa magani, an hura masa iska. Ta ce idon lafiyayye ne, babu yanar ido, babu hawan jinin ido, kuma shekarunsa ba su hana a yi aikin ba. Mamana ta yi murmushi ta taɓa hannunsa. Sai likitar ta ajiye biro ta tambaye shi sana'arsa, da ya faɗa kuma ta ce ya nuna mata yadda yake riƙe aikin. Ya tura tabarau goshi, ya kawo katin asibitin taƙi ɗaya daga hanci.

Sai ta yi masa bayani. Ta ce a cikin ido akwai wani abu mai lanƙwasuwa da ke sa mutum ya ga nesa ya kuma ga kusa, amma bayan shekara arba'in sai ya fara sandarewa kamar robar da ta daɗe a rana. Wannan ya gane, ya sha zubar da irinta. Ta ce nasa ma ya sandare kamar na kowa, bai ji ba ne kawai, saboda idonsa dama a kusa aka saita shi. Leza za ta ɗauke saitin ta kai nesa. Na 'yarsa yana lanƙwasuwa ya dawo kusa da kansa, nasa ba zai dawo ba.

“Baba, ba cewa na yi kada a yi ba,” in ji ta. “Musaya ce. Ka ba da kusa, a ba ka nesa. Kai ka san wanda ka fi bukata.”

Ta kawo shawarar a gyara ido ɗaya a bar masa ɗaya don aiki. Ya girgiza kai, ya ce shi bai taɓa ba mutum rabin hatimi ba. Sai ta ba shi wasu 'yan faya-fayai masu laushi kamar ɓawon albasa, waɗanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Ta ce za su nuna masa yadda zai riƙa gani bayan aikin. Ta ce ya sa su mako guda, ya yi duk abin da ya saba yi, musamman aiki, sannan ya dawo ya gaya mata gaskiya.

A nan ya yi wayon da ya ci shi. Shi mutum ne da ba ya son aikin mutane ya kwana a hannunsa. Ya ji an ce mako mai zuwa za a haƙa sabuwar magudana a gaban layinsu, za a rufe shaguna kwana shida. Sai ya ajiye faya-fayan ya jira wannan makon, don kada gwaji ya ɓata masa aiki.

Makon ya yi masa daɗi, ba ƙarya. Ya ga ganyen bishiya ɗai-ɗai ba tare da firam ɗin tabarau ya yanke masa gefe ba. Ya karanta lambar bas tun tana kwana. Ruwa ya dake shi a fuska ya tsaya yana kallon ɗigon. Ya zauna a ƙofar gida ya ga matarsa tana tahowa tun daga bakin layi, ya gane ta da fuska, ba da tafiya ba. Sau ɗaya ya ɗauki waya zai duba saƙo, rubutun ya cakuɗe, sai ya miƙar da hannu can nesa ya karanta, ya ce ai wannan ba komai ba ne, Akawu ma haka yake rayuwa. Reza kuwa tana kulle cikin shago, bai taɓa ta ba.

Da suka koma, likitar ta tambaye shi ko ya yi aiki da su. Mamana tana gefensa, ta ɗauki hutun rana ɗaya daga ofis saboda shi, fuskarta cike da murna. Bas biyu suka hau kafin su iso. Ya hango ƙarin wani makon gwaji, da wasu bas biyu, da tura yatsa cikin ido kowace safiya.

“Na yi komai, Likita,” ya ce.

Ta dube shi kamar za ta ƙara tambaya, sai ta tura masa takarda ta ce ya karanta kafin ya sa hannu. Mutumin da ke sa jama'a karatu sau uku, ko sau ɗaya bai karanta ba.

Aikin kansa ba wani abin labari. Ya kwanta, aka buɗe masa ido da wani ƙarfe, ya kalli koren haske, ya ji ɗan ƙauri kamar na gashi a wuta. Ƙaurin ya tuna masa da wanda ke fitowa daga shagon Mai Inji in iska ta juyo. Washegari ya farka ya miƙa hannu gefen gado bisa sabo, sai ya ga agogon bango tar, har da ɗan tsinken daƙiƙa. A asibiti ya karanta layin ƙarshe na allon haruffa. Likitar ta ce aiki ya yi kyau, ba kumburi, ba komai.

Bayan kwana goma ya buɗe shago. Akawu ya fito ya zagaya shi yana cewa ango, ango, ashe haka fuskar take, da an bar ta a rufe. Mai Hatimi ya zauna, ya kunna fitila, ya kai hannu goshi zai tura abin da babu. Ya ɗauki roba ya kawo ta inda ya saba. Bai ga komai ba sai jan dishi-dishi. Ya ja ta baya, ya ƙara ja, sai da hannunsa ya miƙe sannan zanen fensir ya fito, a can kuwa haruffan sun zama kamar tururuwa.

Akawu ya daina dariya. Ya cire nasa tabarau daga wuya ya miƙa masa, ya ce barka da shigowa ƙungiya. Da shi Mai Hatimi ya iya karanta takarda. Ya yanka manyan hatimai biyu masu kalma ɗaya, irin na “AN KARƁA”, suka fito ba laifi. Ya gaya wa kansa sabo ne, ido zai zauna.

A mako na uku tsohuwar Ungozoma ta zo, tana dafa bango saboda gwiwa. Tana da ɗan gidan haihuwa a unguwar bayan kasuwa, kuma shekara ashirin da shida hatimin hannunsa take bugawa a katin kowane jariri. Zagayayye ne, da ƙananan haruffa layi biyu a kewaye, da ɗan ganye a tsakiya. Duk lokacin da robar ta cinye sai ta kawo ya yanka sabo irinsa sak. A jijiyar ganyen akwai wata tsaga siririya kamar gashi, wadda ya sa da gangan, su biyu kaɗai suka san da ita. Kowane hatimi nasa yana da irin wannan alama, don in an yi na jabu a gane. Ta ce tana bukatarsa ranar Litinin, na hannunta ya fara cinyewa, suna ba ya fita sosai.

Robar farko ya yanke wutsiyar harafi. Ta biyu reza ta zarce cikin zobe. Ya koma asibiti.

Likitar ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta tambaye shi kawai ko da gaske ya yi aiki a makon gwaji, ya ce a'a, ta gyaɗa kai. Ta rubuta masa wani tabarau mai ƙarfi na aikin kusa, da maganin ɗigawa saboda bushewar ido, ta ce mutane da yawa suna sabawa, wasu wata uku, wasu fiye. Ya buɗe baki zai tambaya ko ana iya mayar da idon yadda yake, sai ya ji amsar a bakinsa da muryarsa, ya rufe.

Sabon tabarau ya fi tsohon sauƙi a hanci, amma duniyarsa ƙunci gare ta. Yana nuna abu a wuri ɗaya tak. In kansa ya ɗan matsa, rubutu ya gudu. In ya ɗaga ido ya ɗauki wata reza, tebur ya karkata. Hannunsa kuma shekara talatin ya san inda roba take zama, yanzu an matsar masa da ita, sai ya riƙa sauka gefe da kaurin gashi ɗaya, kuma a wannan aikin gashi ɗaya harafi ne. Ga rashin ƙiftawa da ya saba. Kafin ya gama kalma idon ya bushe yana yaji kamar an watsa yashi, sai hawaye ya zubo ya ɗiga a kan zanen fensir ya share shi.

Ranar Asabar ya ɓata ta biyar, ya yanke babban yatsa a kan ta shida. A gida matarsa ta ɗaure masa yatsan. Mamana ta kira tana tambayar ido, ya ce lafiya lau, yana ganin har tsuntsun da ke kan turken wuta. Gaskiya ya faɗa. Ta ce ai dama ta gaya masa, ya ce ta gaya masa, Allah ya yi mata albarka.

Ranar Litinin da safe ta bakwai ta kusa fita. Haruffan sun ɗan yi kauri amma ana karantawa. Saura tsagar ganye. Ya ɗiga magani, ya riƙe numfashi, ya sauke reza. Da ya buga a takarda ya duba, rabin ganyen babu.

Ya zauna ya cire tabarau ya dubi waje. Allon shagon Mai Inji yana tsallake, yanzu har ƙananan rubutun ƙasa yana karantawa daga kujerarsa. Ya ɗauki wani tsohon kati da ke da bugun hatimin Ungozoma mai kyau, ya sa cikin aljihu. Akawu ya ɗago daga na'urarsa ya gan shi zai tsallaka, sai ya mayar da kai kan takarda.

Mai Inji ya tashi ya ba shi kujera, yana kiransa Baba. Ya ɗora katin a kan gilashin na'urar ɗaukar hoto, hoton ya fito a allon kwamfuta, ya ƙara masa girma har ganyen ya kai tafin hannu. Ya nuna tsagar da linzamin kwamfuta, ya ce ga wani ɗan datti nan, ko a goge?

“Bar shi,” in ji Mai Hatimi.

Minti huɗu na'urar ta yi, da ƙaurin nan nata.

Ungozoma ta zo da azahar. Ta danna hatimin a tawada, ta buga, ta ɗaga tabarau ɗinta ta nemi tsagar ta same ta. Ta ce kai Malam, kowa na tsufa ban da hannun nan naka. Ta fara buɗe jaka. Da ya yi shiru da shi ke nan, ba za ta taɓa sani ba. Amma ya gaji, kuma ƙarya ɗaya da ya yi a wata biyun nan ta ishe shi.

“Ba hannuna ba ne, Inna. Na tsallake ne ya yi.”

Ta sake duba takardar. “Har da tsagar?”

“Har da ita.”

Ta jima tana kallon fuskarsa, da ramukan nan biyu na karan hanci da suka fara cikewa. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce dama ta ga kamar an canza shi. Sannan ta tambaya, cikin tausasawa, ko shagon tsallaken yana da matakala, don wannan tasa tana wahalar mata da gwiwa. Ya ce babu, a ƙasa yake. Ya riƙe mata hannu ta sauka. Ya tsaya a ƙofa yana kallonta har ƙarshen layi, har ta hau bas, kuma ya karanta lambar bas ɗin.

Akawu ya leƙo ya tambaya ko a kawo shayi biyu. Ya ce a kawo. Ya koma ya share tebur da gefen hannu, ya tara abin da ya ɓace masa a gabansa, wanda ake iya tarawa.

Roba bakwai. Reza uku. Fatar babban yatsa, wannan za ta dawo. Mai kawo aiki ɗaya, ta shekara ashirin da shida. Tsaga ɗaya da mutum biyu suka sani. Da taƙi ɗaya daga hanci.